Ragon da Bai Yi Maye Ba

A shekarar da ake rufe gari ba ni da aikin fari balle na baƙi. Lekol, wato makarantar boko, na bar ta tun da wuri, don zaman benci ba ya yi mini. Na shiga gareji na fita. Na yi dako a Marshe Santral har wuyana ya sage, na bari. Na ɗauki tiren agoguna ina yawo da shi bakin tasha, shi ma ban kai ko'ina ba. Baba yakan dube ni ya ce, "Kai ko tukunya aka ba ka ka ɗora, kafin ta tafasa ka tafi kallon faɗa." Ba da fushi yake faɗi ba. Da ma da fushin ne, da ya fi mini sauƙi.

Sana'ar Baba turka ce. Yakan sa a kawo masa raguna daga arewa tun Babbar Sallah na da nisa, ramammu, ƙafafu kamar sanda, ya ɗaure su a bayan gidanmu a unguwar New Bell ta Duwala ya yi ta ba su har su cika. Mutanen kartiye, wato unguwarmu, ba sa jiran kasuwa. Tun da wuri kowa zai zo ya dafa wanda ya yi masa ya ce wannan nawa ne, shi ke nan, magana ta ƙare. Abincinsu harawa ce, ta wake da ta gyaɗa, busasshiya, ana ɗoro ta a saman motocin albasa. Ragon arewa cikinsa bai san ciyawar Duwala ba. Ciyawarmu rabinta ruwa ce. Ka cika masa gaba da ita ɗanya, gobe ka tarar da zawo har ƙafa.

To sai ga lakiris, kamar yadda kowa ke ce wa matsin da aka shiga. Albashi ya yanke, kamfanoni suna sallamar mutane, daga baya kuma aka shiga rufe gari don nuna wa gwamnati fushi. Daga Litinin har Juma'a ba taksi, ba kanti, sai hayaƙin taya a mahaɗar hanya. Asabar da Lahadi ne kaɗai ake numfashi. Masu manyan motoci suka ce ba za su kawo dukiyarsu a ƙone ba. Albasa ta yi wuya, harawa kuwa ta ɓace ɓat.

Abin da ya rage a rumfa Baba ya shiga tsakura shi kamar magani. Ranar Asabar nakan tura pus-pus, amalanken nan na hannu, in haye gada zuwa Bonaberi in yanko sisongo, doguwar ciyawar nan mai kama da rake da ke fin mutum tsawo a bakin fadama. In an baza ta ta sha iska raguna na ci. Amma ta kwana biyu sai ta ɗau zafi, ta yi baƙi, ta soma wari. Shanya kuwa, wa ya taɓa shanya abu ya bushe a Duwala da damina? Rana ta leƙo, ka baza, kafin ka miƙe hadari ya haɗo. Daga Talata raguna sai ɓawon ayaba da na rogo da Inna ke roƙowa gida-gida. Ɗaya ya kwanta bai tashi ba. Sauran ƙashin bayansu ya fito kana iya ƙirgawa daga ƙofa.

Akwai wani mahauci da ya tsiri zuwa gaishe da Baba kullum safe. Bakinsa na gaisuwa, idonsa na bayan gida.

"Malam, a sauƙaƙa wa bayin Allah mana. Yau nama ne, jibi fata ce."

Na ga maganar ta zauna wa Baba. In ya miƙa su ga mahauci, mutanen da suka dafa raguna za su wayi gari ranar Sallah ba abin yanka, kuma ba wanda zai sake dafa ragon gidanmu. Sunan da ya yi tun kafin a haife ni a nan zai tsaya.

A wannan lokacin Kawu yana gidanmu, ƙanin Inna. Shi ya yi karatu mai zurfi, ya yi aiki a wata tashar bincike can kan tudu wajen Ngawundere, inda ake gwada irin ciyawa da ƙasa da abincin shanu. Da albashi ya daina zuwa ya tattaro ya dawo, da jaka ɗaya da takalmin roba mai tsawo. 'Yan teburin mai shayi suka sa masa Likitan Ciyawa. Hausarsa in ta yi taku biyu sai ta faɗa faransanci. Baba yana ganin girmansa, amma bai taɓa tambayarsa komai a kan dabba ba, shi kuma Kawu kunyar suruki ba ta barinsa ya sa baki.

Ni ne na tambaye shi, wata Talata ina kwashe ruɓaɓɓiyar sisongo zan kai bola.

"Kawu, duk karatun nan naku, ba dabarar da za a hana wannan abar ruɓewa?"

Ya ɗago kai kamar wanda aka tasa daga barci. Ya ɗebi ciyawar ya sansana.

"Iska ce ke cin ta, ɗana. Ka hana ta iska, ba za ta ruɓe ba. Za ta canza, amma ba za ta ruɓe ba."

"A hana ta iska kamar yaya? A shaƙe ta?"

"Wala, ka gane! A shaƙe ta."

Ya ce in samo duro. Na bi wani abokina na gareji muka samo durorin roba masu murfi waɗanda aka kawo man girki a ciki, na wanke su da toka har hannuna ya yi fari. Asabar ta zo Kawu ya sa takalminsa mai tsawo ya bi ni. Ranar na fara ganin ciyawa da ido. Ni da duk inda na ga kore sara nake yi. Ya hana ni yankan ta bakin kwata, ya hana ni ta bayan masana'anta inda ƙasa ta yi wani ƙyalli. Ya tona ƙasa da yatsa ya murza ya nuna mini: wannan baƙa ce mai laushi, ciyawarta na da ƙarfi, waccan yashi ne ruwa ya wanke, ciyawarta tsawo kawai gare ta. Wadda ta tsufa ta yi kara a bar ta. A yanki wadda ta kai ƙirji, kuma a bar mata gindi don ta sake tohowa.

Muka dawo muka baza ta a ƙarƙashin rumfa ta yi laushi. Sannan sara. Da adda a kan kututture, guntu-guntu kamar gaɓar yatsa. Kawu yakan damƙi ɗan kaɗan ya matse. In ruwa ya ɗigo ya ce tukuna. Da ta yi, sai a zuba a duro, a barbaɗa dusar masara, in shiga da ƙafa in yi ta taka, a ƙara, in sake takawa, har ta danƙare kamar daɓe. Muka rufe baki da leda, muka ɗaure da robar taya, muka ɗora murfi da dutse.

"Yanzu fa?" na ce.

"Yanzu ka bar shi. Makonni. In ka buɗe don ka leƙa, iska ta shiga, ka kashe aikin."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana jinmu. Ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Wannan ne zai bar abu rufe? To. Zan riƙe mahauci har ku buɗe. In ruɓa na gani a ciki, ranar zai kwashe su."

Ban taɓa shan wuya irin ta jiran nan ba. Dako bai kai shi ba. Ina wucewa ta gaban durorin hannuna na ƙaiƙayi. Wata rana har na ɗaga dutsen, na ji Inna daga madafa ta ce, "Kai, tukunyar ba ta tafasa ba." Na mayar. Don in kashe ƙaiƙayin sai na ƙara wa kaina aiki. Kowace Asabar sawu biyu nake yi, ɗaya na ci yanzu, ɗaya na sabon duro. Na gano fadamar Ndogpasi ta fi kusa da wani gidan niƙa da ke ba ni dusa, na koma can. Ragunan ba su ƙaru ba, amma ba wanda ya sake kwantawa.

Ana nan sai bakin Kawu ya jawo mana. Ya zauna teburin mai shayi, aka soma tsokanarsa.

"Likita, me kuka binne a duro ne? Ko asirin kasuwa ne?"

Shi kuma da zuciya ɗaya ya shiga bayani, ya nemi kalmar Hausa ya rasa, ya ce ai ciyawar tana yin fermantasiyon ne.

A teburin akwai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana gadi a ƙofar wani kamfanin giya kafin ya bari ya tafi Makka ya dawo. Yana cikin waɗanda suka dafa rago a gidanmu, babban farin nan mai baƙin kunne. Ya ajiye kofinsa.

"Me ka ce? Sake faɗi."

"Fermantasiyon."

"Innalillahi! Ni za a gaya wa wannan kalma? Na ji ta safe da yamma a bakin ma'aikata. A rufe abu a tanki, a sa masa hatsi, a jira ya yi kumfa. Giya ke nan! Giyar ciyawa za ku ɗura wa ragon layyata?"

Kafin la'asar magana ta zaga kartiye. Wai ɗan gidan mai raguna, wannan mara zaman, shi da kawunsa ɗan boko suna dafa burukutu a bayan gida. Yara suna bi na suna tangaɗi suna kukan rago. Mai shayi in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Patron, mai gidan giya, a sa mana kwalba biyu masu sanyi!" Wannan duk wasa ne. Abin da ba wasa ba shi ne mutane suka fara zuwa wurin Baba ɗaya bayan ɗaya, a sunkuye, suna cewa in dai abin duron nan za a ba dabba, to su sun janye hannu. Wa zai yi ibada da ragon da aka yi kiwonsa da haram? Baba ya shigo fuskarsa ba annuri.

"Liman zai zo bayan Juma'a ya gani da idonsa. In ya ce a'a, ku kwashe durorinku ku kai bola, ni kuma in kira mahauci."

Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi ta zana mini a ƙasa cewa abin iri biyu ne, akwai wanda ke ba da maye, akwai wanda tsami kawai yake bayarwa, kuma namu na biyun ne. Na ce, "Kawu, ni na yarda. Amma in kuka tsaya gaban Liman kuka sake faɗin kalmar nan, mun mutu."

Washegari da safe ina taya Inna ɗaukar tukunya. Koko take sayarwa a ƙofar gida, da ƙosai. Ta buɗe robar gasarar da ta jiƙa ta kwana biyu, tsamin ya bugi hancina. Na tsaya da tukunya a hannu. Na ajiye ta na ruga ɗakin Kawu.

"Kawu, gasarar Inna. Da ake jiƙa ta ta yi tsami. Da faransanci me ake ce wa wannan?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Nono fa?" na ce.

"Shi ma!"

"Daddawa?"

"Kai, ɗan nan, tafi ka bar ni!"

Ranar Juma'a da aka sauko, bayan gidanmu ya cika har kan katanga. Ga Liman da sandarsa, ga tsohon mai gadi ya toshe hanci da gefen rawani tun ba a buɗe komai ba, ga mahauci a gefe yana murmushi. Baba ya yi mini nuni da haɓa. Na ɗaga dutsen, na kwance roba. Ni kaina ban san abin da zan tarar ba. Saman ya yi fari-fari da funfuna. Wani ya ce, "Ga shi nan!" Kawu ya ce a hankali, "Kwashe na saman, ci gaba." Na kwashe kamar tafi biyu na zubar. Ƙarƙashi ciyawa ce tsaf, ta koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, ba yauƙi, ba baƙi, wani ƙamshi mai tsami-tsami ya taso.

Na ɗebo a faranti na durƙusa gaban Liman. Sannan na miƙa hannu Inna ta ba ni kwanon gasara ta bayan labule, na ajiye kusa da shi.

"Allah gafarta Malam, ku sansana wannan, ku sansana wannan."

Ya sansana na farko. Ya sansana na biyu. Ya koma na farko.

"Wannan ai gasarar koko ce."

"Ita ce, Allah gafarta. Wadda ake aiko muku kullum safe. Kalmar da Kawu ya faɗa, da faransanci ita ma sunanta ke nan. Da nono, da daddawa. Su Nasara kalma ɗaya gare su, mu muna da biyu. Akwai tsami, akwai maye. Wannan tsami ne."

Liman ya juya wajen Kawu. "Haka ne?"

"Haka ne, Malam."

"To ashe mun daɗe muna karya kumallo da ita ba mu sani ba." Ya dubi tsohon mai gadi. "Alhaji, kai da nake gani da kofi biyu?"

Wuri ya ɗauki dariya. Amma Alhaji bai saki ba.

"Hanci na iya ruɗuwa, Malam. Ni na ga abin da tanki ke yi wa mutum."

"Gaskiyarka," in ji Liman. "Gani ya kori ji. A ba ragonka ya ci, mu ga tafiyarsa."

Na kwanto farin mai baƙin kunne. Na ajiye masa faranti. Ya sunkuya ya sansana, ya yi atishawa, ya kau da kai. Mahauci ya yi gyaran murya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na tuna ko sabuwar harawa aka kawo Baba yakan yayyafa mata ruwan kanwa kafin su karɓa. Na ruga na kawo, na yayyafa, na ɗebo a tafin hannu na kai masa baki. Ya lasa. Ya ɗan tsaya yana juya muƙamuƙi. Sai ya ture hannuna ya sa kai cikin farantin da kansa. Kafin a ce haka sauran sun miƙe suna jan igiya suna kuka, wani har yana neman tsinke tasa.

Da ya share faranti Liman ya ce a sake shi. Aka buɗe masa hanya. Ya taka daga rumfa har bakin rijiya, tiryan-tiryan, ba tangaɗi ko kaɗan. Ya juyo, ya tsaya, ya zuba wa mahauci ido. Me ya gani a jikinsa, oho. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya auna shi. Mahauci ya haye katanga ya bar takalmi ɗaya.

"Wannan da hankalinsa," in ji Liman. "Ya ma fi wasunmu."

Har Alhaji sai da ya saki rawanin ya yi dariya. Ya matso ya dafa bayan ragon, ya ce, "To, nawa dai yana nan nawa."

Daga ranar aiki ya zama layi. Duro na ƙarewa wani ya nuna, ni kuma kowace Asabar ina cika wanda aka kwashe. Kawu ya koya mini in riƙa ƙara musu a hankali, ana haɗawa da dusa da ɗan ganyen rogo da ya sha iska. Gari na rufe, taya na ci a titi, mu a bayan gida raguna na tuƙa. Zawo ya tsaya. Ƙashin baya ya nutse. Gashinsu ya kwanta ya soma sheƙi. Mai shayi bai daina ce mini patron ba, sai dai yanzu in na zo yakan matsa mini wuri a benci. Wasu masu turka daga wata unguwa suka zo kallo, Kawu ya tsaya yana musu bayani, in ya zo wurin kalmar nan sai ya waiwayo ni, ni kuma in ce, "Tsami." A ƙarshe shi ma ya koya.

Jajibirin Sallah masu raguna suka zo kwance nasu. A shekarar gidaje da yawa a kartiye ba su yi yanka ba, waɗanda suka jira kasuwa kuwa abin da suka samo sai a hankali. Namu suka fito ɗaya bayan ɗaya suna rangaji da kitse, yara na binsu da ihu. Ba wanda ya dafa rago a gidanmu ya koma hannu wofi, ko mai wanda ya mutu tun farko, shi ma Baba ya ba shi namu na gida.

Wani baƙo da ya rako ɗan'uwansa ya tsaya yana jinjina wuyan farin nan, ya ce wa Baba, "Malam, a wannan shekara? Me kuke ba su haka?"

Ina tsugune ina kwance igiya. Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Ni ban sani ba. Ka tambayi mai kiwon, ga shi nan."

Na yi kamar igiyar ce ta cije, na daɗe a kanta kaina a ƙasa.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki ina wanke durori na ji ana gungura wani abu a lungu. Alhaji tsohon mai gadi ne, yana turo duro da ƙafa, yana haki. Yana da awaki biyu a gida.

"Kai, ɗan nan," ya ce, "zo ka shaƙe mini tawa. Amma kada kawunka ya faɗi sunanta a ƙofar gidana."